In an ɗauke wa manomi tsoron asara, zai rage feshi?



Kowa a cikinmu ya san irin wannan rana. Hatsi ya fidda kai, wake ya fara fure, mai gona ya shiga zagaye da sassafe, sai ya tarar da tsutsa. Tun daga nan barci ya ƙaurace masa. Ranar kasuwa ya saida akuya, ko ya ci bashi, ya sayo kwalbar magani. Sau da yawa bai ƙidaya tsutsar ba. Bai san sunanta ba. Bai ma san ko maganin da ya sayo nata ne ba. Tsoro ne ya kai shi kasuwa, kuma ba mu ga laifinsa ba, domin cimakar iyalinsa ta shekara guda ce ke tsaye a gonar.

To, a ce wani ya zo ya ce masa: "Kwantar da hankalinka. In gonarka ta lalace, za a biya ka." Me zai yi? Zai rage feshi, tunda tsoro ya tafi? Ko kuwa ƙarawa zai yi? Wannan ita ce tambayar darasinmu na yau. Masana sun fi shekara 30 suna bincikenta, kuma amsar da suka samu ba guda ɗaya ba ce.

Mece ce inshorar gona?

Masu mota sun san ta. Ita ce takardar da suke kira asirans. Mutum yana biyan kuɗi kaɗan kafin tsautsayi. In tsautsayi ya auku, a biya shi diyya. In bai auku ba, kuɗinsa ba su dawowa, domin da su ake biyan waɗanda abin ya faɗa wa. Inshorar gona ma haka take. Manomi yana zuba kuɗi kafin shuka. In damana ta ɓaci ta hanyar da aka rubuta a takarda, sai a biya shi.

Ba sabon abu ba ne a duniya. Gwamnatin Amurka ta kafa tata tun 1938, ta fara da alkama, kuma gwamnati ce ke biya wa manoma fiye da rabin kuɗin zubi. Senegal ta kafa kamfanin inshorar noma a 2008. Indiya ta buɗe wani babban shiri a 2016, inda manomin abincin damana ke biyan kashi 2 cikin 100 na kuɗin da aka yi masa alkawari.

A nan Nijar ba ta yaɗu cikin ƙauyuka ba tukuna. Amma ƙasar kanta ta taɓa shiga. Tarayyar Afirka ta kafa wata hukuma a 2012, ana kiranta ARC, wadda ke yi wa ƙasashe inshorar fari. Bayan ƙarancin ruwan damanar 2014, an biya Nijar dalar Amurka miliyan 3 da rabi a farkon 2015, domin a agaza wa mutane. Waccan ta gwamnati ce. Ta manomi ɗaya ɗaya kuwa, ana gwada ta a ƙasashe maƙwabta, galibi tare da bashin taki da iri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gara mu san ta kafin a kawo mana takarda a ce mu sa hannu.

Abu na farko da za mu riƙe shi ne, inshorar gona iri-iri ce. Akwai wadda in gonarka ta lalace, ma'aikaci zai zo ya duba da idonsa, ya ƙiyasta asarar, a biya ka. Wannan tana da tsada, saboda ƙananan gonaki suna da yawa, kuma suna nesa da juna. Akwai wadda ba mai zuwa gonarka sam. Ana duba ma'aunin ruwan sama na yankinku, ko hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama. In ruwa bai kai awon da aka rubuta ba, a biya duk wanda ya zuba kuɗi, ko gonarsa ta yi kyau ko ba ta yi ba. In ruwa ya kai, ba a biyan kowa. Akwai kuma ta uku, wadda ake auna amfanin gonakin yanki duka, a biya in ya faɗi ƙasa da yadda aka saba. Ku riƙe wannan bambanci da kyau, za mu komo gare shi.

Abin da aka gani a Amurka da Turai

Da farko mutane da yawa sun zaci amsar mai sauƙi ce. Suka ce maganin ƙwari shi ne garkuwar manomi. In ya samu wata garkuwa, zai ajiye ta farko. Wasu ma suka ce zai yi sakaci, ya bar gona ta lalace, tunda ya san za a biya shi.

A 1993 wasu masana biyu a Amurka suka fidda sakamakon bincikensu a kan manoman masara. Abin da suka gano ya ba mutane mamaki. Manoman da ke da inshora sun fi marasa ita kashe kuɗi a kan maganin feshi da kashi 21 cikin 100. Sun kuma fi su zuba takin zamani da kashi 19 cikin 100. Bayan shekara uku, a 1996, wasu masanan suka duba manoman alkama a jihar Kansas, cikin wannan ƙasa dai. Su kuwa sai suka tarar masu inshora sun fi kashe kuɗi kaɗan a kan taki da magani. Ƙasa ɗaya, amsa biyu.

A 2020 aka fidda wani binciken da aka yi a kan gonakin Faransa da Suwizalan. Ya nuna cewa da babu inshora, da kuɗin da manoman ke kashewa a kan maganin feshi sun ragu da kashi 6 zuwa 11 cikin 100. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, mai inshora yakan canza abin da yake shukawa. Yakan bar shuka mai haƙuri, ya koma ga mai kawo kuɗi, wadda ita kuma ta fi son magani. Mu ma mun san haka. Wanda ya bar dawa ya koma ga tumatir ko shu, ya ɗaura aure da famfon feshi.

Kusa da mu, a arewacin Gana, an yi wani gwaji da manoman masara tun daga 2009. Aka ba wasu kuɗi a hannu. Aka ba wasu inshorar ruwan sama. Waɗanda suka samu inshora su ne suka fi faɗaɗa gona, suka fi kashe kuɗi wajen huɗa da sayen kayan zamani, musamman taki. Ashe ba rashin kuɗi kaɗai ke hana talaka zuba jari a gona ba. Har da tsoron kada ya zuba, ruwa ya ɗauke.

Mu yi lissafi

Domin mu gane yadda abu ɗaya ke haifar da amsa biyu, bari mu buga misali. Waɗannan lambobi na misali ne kawai, kowa ya sa na garinsu a madadinsu.

Ga wani manomi da hekta guda ta wake. Hekta ita ce fili mai mita 100 a tsaye, mita 100 a kwance. A ce magani da ladan mai feshi sun kama jika 15. A ce kuma buhun wake jika 20 ne.

In damana ta yi kyau, kuma ya yi feshi, ya samu buhu 6. In bai yi ba, ƙwari sun ci fure da kwanso, ya samu buhu 3. Feshi ya ƙara masa buhu 3 ke nan, wato jika 60. A cire jika 15 da ya kashe, ya ci ribar jika 45.

In kuwa ruwa ya ɗauke bayan ya yi feshi, waken ya bushe a tsaye. Ko ya fesa ko bai fesa ba, buhu guda zai ɗauka. Jika 15 ɗin nan sun tafi a banza. In bashi ne, ga mai bashi a bakin ƙofa, ga rumbu wayam.

Kun ga, a wurin wannan mutum magani ba garkuwa ba ne. Caca ce a kan ruwan sama. Shekara mai kyau ya ƙara masa samu, shekarar fari ya ƙara masa rashi. Shi ya sa talaka mai hankali yakan ja da baya. Amma ranar da aka ba shi inshorar ruwan sama, wadda za ta biya shi, a ce, jika 30 in ruwa ya ɗauke, tsoron bashin ya tafi. Zai sayi magani. Mai ba da bashi ma zai saki hannu, tunda ya san ko an yi fari akwai inda kuɗinsa za su fito. A nan inshora ta ƙara feshi.

Yanzu ga wani mutum daban. Mai garka ne, yana noman rani, yana ban ruwa da injin. Fari ba ya cikin damuwarsa. Ƙwari su ne abokan gabarsa. Ya zuba kuɗi masu yawa a iri da taki da mai, ba ya son ko ganye ɗaya ya huje. Saboda haka duk mako yana feshi, ko ya ga ƙwaro ko bai gani ba. A cikin feshi goma, wataƙila uku ne suke da dalili. Sauran bakwai kuɗin kwanciyar hankali ne. Wannan mutum, in aka ba shi inshorar da za ta biya shi ɓarnar ƙwari, zai iya jira sai ya ga ƙwaro kafin ya ɗauki famfo. A nan inshora ta rage feshi.

Ashe ke nan abin dubawa biyu ne. Me manomi ke tsoro? Kuma me takardar ta yi alkawarin biya? In takardar ta ɗauke masa tsoron fari, zai ƙara zuba jari, har da magani. In ta ɗauke masa tsoron ƙwari, tana iya maye gurbin magani.

A ganina, ƙarin feshin mai waken can ba abin zargi ba ne a kan kansa. Wake shuka ce da ƙwari ke so ƙwarai, kuma feshi biyu ko uku a kan lokaci suna ceton amfani mai yawa. Abin tsoro shi ne irin maganin da zai saya, da yadda zai fesa shi. Za mu zo kan wannan.

Dabarar manoman Italiya

Akwai wani wuri da aka yi amfani da inshora da gangan domin a rage guba. A arewa maso gabashin Italiya, a yankin Beneto, ana noman masara da yawa. Akwai wata tsutsa mai tauri da ke zaune cikin ƙasa, tana cin iri da saiwar masara tun tana ƙarama. Saboda tsoronta, manoma suka saba zuba magani a ƙasa, ko su sayi iri da aka riga aka shafe da magani, kowace shekara, a kowace gona.

Wani masani mai suna Lorenzo Furlan da abokan aikinsa suka yi kusan shekara 30 suna bin gonakin yankin suna ƙidaya. Suka gano cewa a cikin gona 100, waɗanda tsutsar ke yi wa ɓarnar da ta kai a damu ba su kai 5 ba. Wato gona 95 ana zuba musu guba ne a kan abin da ba zai same su ba. Suka kuma gano alamomin gonar da ke cikin haɗari, kamar wadda aka daɗe an bar ta da haki kafin a nome ta.

Sai ƙungiyoyin manoma suka kafa asusu a 2014. Duk wanda ya shiga yana zuba Yuro 3 zuwa 5 a kan kowace hekta, wato jika 2 zuwa jika 3 da ƴan kai a kuɗinmu. Kuɗin maganin kuwa sun kusa ninka haka sau goma. Wanda ya shiga yana bin shawarar malaman gona, ba ya zuba magani sai inda aka ga alamar haɗari. In tsutsa ta ci gonarsa, asusu ya biya shi kuɗin sake shuka da asarar da ya yi. Manomi ya rage kashe kuɗi, ƙasa ta huta, kudan zuma ma sun samu sauƙi, domin wasu daga cikin magungunan da ake shafa wa iri suna cutar da su. Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikin irin waɗannan magunguna a fili a 2018.

Ku lura da abin da ya sa dabarar ta yi aiki. Ɓarnar ba ta faɗa wa kowa lokaci ɗaya. Tana samun mutum kaɗan, sauran su tallafe shi. Kuma an san yawanta, domin an ƙidaya shekara da shekaru. Asusun na manoman ne da kansu.

Wannan bai yi nisa da abin da muka gada ba. Gayya, da adashi, da rumbun tsimi na gari, duk danginsa ne. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da inshorar kamfani ba saboda addini, ya tambayi malamai. Akwai irin da ake kira takaful, ta taimakon juna, wadda aka fara a Sudan a 1979.

Amma asusun gari yana da iyaka, kuma wajibi ne mu faɗe ta. A ce manoma 50 sun zuba jika 2 kowannensu. An tara jika 100. In gona 4 suka lalace, kowane mai gona ya samu jika 25, abin ya yi amfani. In kuwa gona 40 suka lalace, kowa jika 2 da rabi zai samu, kusan abin da ya zuba. Waɗanda suka ga farar dango ta 2004, da yunwar da ta biyo baya a 2005, sun san akwai masifar da ba ta barin maƙwabcin da zai taimaki maƙwabci. Irin wannan sai gwamnati da manyan hukumomi.

Ruwa ya yi, murzuna ta ci

Mu komo ga bambancin da na ce ku riƙe. Inshorar da aka fi kawo wa ƙananan manoma a ƙasashenmu ita ce ta ruwan sama, saboda ita ce mai araha. Wannan ba ruwanta da ƙwari. In damana ta yi kyau, ma'auni ya cika, amma murzuna ta bi zangarniya ta sassaƙe ta, ba za a biya ka ko dala ba. Haka in jan-baki suka sauka, ko darɓa ta rufe gujiya. Wanda ya ce, "Ai ina da inshora," ya daina zagaya gonarsa, ya yi asara biyu: ga kuɗin zubi, ga amfanin gona.

Har a kan ruwan ma tana iya saɓa maka. Mun san yadda hadari yake: ya zuba a gabas da gari, ya tsallake yamma. In ma'aunin yana inda aka samu ruwa, gonarka tana inda ba a samu ba, takarda za ta ce damana ta yi kyau.

Sai kuma batun ƙunshi. Sau da yawa ba a saida inshora ita kaɗai. Ana haɗa ta da bashi, da iri, da taki, da magani, a ce ka ɗauka duka ko ka bari duka. Mutum in an riga an rubuta masa bashin kwalba, zai fesa ta ko babu ƙwaro, don kada kuɗinsa su tafi a banza. A nan ba manomi ne ya zaɓi ƙarin feshi ba, takarda ce ta zaɓa masa.

Jikin mai feshi

Duk lissafin da muka yi a sama, na buhu ne da jika. Akwai abin da bai shiga ciki ba, shi ne lafiyar mai riƙe da famfo, da ta matar da ke wanke tufafinsa, da ta yaron da ke cin tumatir ɗin.

Ƙasashen Sahel sun kafa kwamiti wanda ya fara aiki a Bamako a 1994, domin ya tantance magungunan da suka dace a saida. Amma binciken da ƙungiyar RECA ta yi a kasuwannin Nijar ya nuna mafi yawan magungunan da ake saidawa ba su da wannan izini. Ni kaina, a yawon aiki, na sha ganin ana ɗura magani a kwalbar lemo, babu suna, babu awo, an jera shi kusa da mai da gishiri. Na ga saurayi yana feshi da tsakar rana, ba takalmi, iska tana maido masa da maganin a fuska. Na ga an wanke galan ɗin magani an zuba ruwan sha. In inshora ta sa kuɗi sun ƙaru a hannun manoma, kuma kasuwar magani tana nan yadda take, to irin wannan ne zai ƙaru.

Kwalbar kirki tana da takarda a jikinta. A ƙasan takardar akwai zane mai launi. Ja, guba ce mai tsanani ƙwarai, ba ta manomi ba ce. Rawaya, mai haɗari ce. Shuɗi, a yi hattara. Kore ita ce mai sauƙi, amma ita ma guba ce. Takardar tana faɗin shukar da aka yi maganin dominta, da awon da za a zuba, da kwanakin da za a jira kafin a ɗebi amfani a ci ko a kai kasuwa. Ƙara awo ba ya ƙara kashe ƙwari. Yana ƙona shuka, yana cinye kuɗi, kuma yawan fesa magani iri ɗaya yana sa ƙwari su saba da shi har ya daina kama su. Piya-piya da ake zuba wa wake a rumbu ko a ɗakin kwana, a bar ta. Buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, da aka fara yaɗawa a 2007, yana kashe ƙwarin wake ba da magani ba, in an ɗaure bakinsa da kyau.

Mai feshi ya sa riga mai dogon hannu, da wando, da takalmi, ya rufe hanci da baki. Ya yi aikinsa da sassafe ko da marece, iska tana bayansa. Kada ya ci goro, kada ya sha taba, sai ya yi wanka da sabulu. Yara da mata masu ciki ko masu goyo kada su kusanci wurin. In akwai birgadiye a garinku, wanda ma'aikatar kare tsirrai ta horar, a ba shi aikin.

In mutum ya ji ciwon kai, da jiri, da zufa mai yawa, da dalalar miyau, da amai, ko ƙirjinsa ya ɗaure bayan feshi, guba ce ta shige shi. A fidda shi daga gonar. A tuɓe masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ba shi nono ko mai, kada a tilasta masa amai. A kai shi likita nan da nan, a tafi da kwalbar maganin domin ma'aikacin lafiya ya san abin da zai yi.

Kuma ba kowane ƙwaro ne ake bi da famfo ba. Murzuna tana ɓuya cikin zangarniya, hatsi kuma ya fi mutum tsawo, feshi ba ya kai mata sosai. Tun wajen 2006 masu binciken INRAN a Maraɗi suke kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro, wanda ke harbin tsutsar ya yi ƙwai a jikinta. Ana kawo shi cikin ƙananan buhunna, wajen 15 a gari guda, a rataya a gonaki lokacin da hatsi ya fidda kai. Garin da aka saki wannan ƙwaro, in aka bi shi da feshi, an kashe mai gadi ke nan. Ƴaƴan bedi ma magani ne a garka da gonar wake: a daka rabin kilo na busassu, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece.

Ranar da aka kawo takarda

In wani ya zo garinku da maganar inshorar gona, ku karɓe shi da mutunci, ku shimfiɗa masa tabarma, sa'an nan ku yi masa tambayoyi a gaban jama'a. Wace asara ce ake biya: fari kaɗai, ko har da ambaliya, da ƙwari, da tsuntsaye? Wa zai tabbatar da asarar, mutum ne zai zo ko ma'auni za a duba? In ma'auni ne, a wane gari yake? Nawa za mu zuba, nawa za a biya, kuma a wane wata kuɗin za su iso hannunmu?

Sai tambayoyin magani. Dole ne mu karɓi maganin da ke cikin ƙunshin, ko muna iya barinsa a rage mana bashi? Yana da izinin saidawa? In manomi ya yi amfani da bedi, ko garin ya saki ƙwaron nan mai kashe murzuna, bai yi feshi ba, za a ce ya yi sakaci a hana shi diyya? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi, domin a inshorar da ake zuwa duba gona, akan rubuta cewa sai manomi ya kula da gonarsa yadda ya kamata. Ku nemi a bayyana muku abin da ake nufi da haka, a kuma rubuta shi.

Ku gayyato malamin gona ya zauna tare da ku. A karanta takardar da ƙarfi daga farko har ƙarshe, in da Faransanci take a fassara ta layi bayan layi. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a ranar. Ku kwana a kan maganar. Wanda ya yarda ya shiga, ya karɓi tasa takardar da rasit na kuɗin da ya zuba, ya sa su cikin leda, ya ajiye inda gara ba ta kai.